Kwabar Dada ta Gwiwa

Ku 'yan matan nan da kuke shigowa shagona da waya a hannu, kuna tura mini hoton falo a fuska kuna cewa, "Iya Tabawa, ai wannan ba wani aiki ba ne, tsofaffin kaya ne kawai aka tara," ku nemi wuri ku zauna. Makon jiya wata a cikinku, ba zan kama suna ba, ta sayi sabon teburi dal, ta ɗauki wuƙar yanka albasa ta bi shi da sara, wai so take ya tsufa. Da aka sauke mini shi daga keke sai na ɗauka kaji ne suka yi kwana uku suna tsattsagarsa. Na ce, "'Yar nan, a gidanku haka teburi yake tsufa?" Ta ce ita dai haka ta gani a waya.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina jere da gyaran ɗaki a Kazaure, amma wannan yayin na tsofaffin kaya sai da na kusa hallaka kwabar wata tsohuwa kafin na gane kansa. Labarin kwabar nan zan ba ku. Sai dai dole in fara da inda na koyi aiki, don a can na ɗauko wautar da na tafka.

Jeren farko da na sa hannu a cikinsa a Roni aka yi shi, a gidan wani mai awon gyaɗa. Ina bin ƙanwar babana, Gwaggo Dije, wadda a lokacin in ana maganar jere daga Roni har Babura sunanta ake fara kira. Na ɗaura sabon zani na bi ta, ina tsammanin zan hau kujera in riƙa liƙa faranti a bango mutane suna kallona. Sai ta tura ni bayan ɗaki da tulin tasoshi, da toka, da jiƙaƙƙiyar tsamiya, ta ce in dirje su har in ga haƙorana a ciki. In na kawo tasa sai ta goga mata gefen farin mayafinta. In mayafin ya yi baƙi ko yaya, ta miƙo mini ba tare da ta ko dube ni ba. Shekara guda cur ina wankin tasa kafin ta bar ni na taɓa danƙo.

Danƙon nan shi ake murzawa a liƙa faranti da tasa a jikin bango, layi-layi tun daga kusa da rufi. In ya yi sanyi ba ya kamawa, in ya yi laushi da yawa faranti ya zame ya faɗo a kan 'yan biki. Ta koya mini shafen farar ƙasa da ɗan bula a ciki. Ta koya mini ɗora kaya a kwaba: fanteka a ƙasa, kumbo a kanta, langa a gefe, samira saiti-saiti babba ta ɗauki ƙarama, kuma furen kowane kwano ya kalli ƙofa. Gwaggo ba ta awo da igiya. Ja da baya take yi har bakin ƙofa, ta kanne ido ɗaya, ta ce, "Na uku daga hagu ya sunkuya." Ki je ki duba ki tarar ya sunkuya ɗin.

Amma babban karatun da ta ba ni ba na hannu ba ne. A wannan gidan na Roni, cikin samirar amarya akwai guda da bakinta ya ɓantare har baƙin ƙarfe ya fito. Uwar amarya ta gani ta ce, "Dije, bar ta haka, ba komai." Gwaggo ta ce to. Matar tana juya baya ta zare samirar ta sa a ƙarƙashin mayafi, ta aika aka ɗauko irinta cikin nata kayan, ta jera. A hanyar komawa gida ta ce da ni, "Tabawa, aikinmu rufin asiri ne. Abin da kika ga ya tsufa ko ya ƙwarzane a kayan mutane, ki gyara ki yi shiru. In ba ya gyaruwa, ki juya shi ya kalli bango. Kuma in mai kaya ta ce miki a bar shi haka, kunya ce ta sa ta faɗa, ba har cikinta ba ne." Na haddace maganar nan, na yi shekaru ina aiki da ita, kuma ba ta taɓa ba ni kunya a gidan kowa ba.

Sai ga shekarar da jere ya mutu a hannunmu. Na san ba rana ɗaya ya mutu ba, amma ni shekara ɗaya nake tunawa, bayan rasuwar Gwaggo da kaɗan. Kaka ta yi, gero da dawa suka yi kyau, aka yi ta ɗaurin aure a gari, ni kuwa ina zaune da danƙona ba wanda ya aiko. Amare sun koma tangaran da gilashi da roba, kayan da ake sayowa a kwali, kafinta ya kafa katako a kicin a zuba su, shi ke nan an gama. Gida ɗaya aka kira ni a Achilafiya, na tafi da murnata. Ashe so suke in taya su sauke tsohon jeren uwarsu a zuba a buhu, ɗan gwangwan yana jira a ƙofar gida da sikelinsa. Ina kallo ya sa ƙafa ya taka wata fanteka mai jan fure don ta shiga buhu. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, ko ruwan gidan ban sha ba na hau babur na dawo. Na koma suyar awara a ƙofar gida. Kwanukan da Gwaggo ta bar mini kuwa na zuba su a adudu na tura ƙarƙashin gado, duk ɗan gwangwan da ya yi sallama in ce masa babu.

Ina kan suyar awarar nan, shekaru sun ɗan tura, sai wata matashiya ta zo da la'asar ta durƙusa ta gaishe ni. Sunanta Nafisa, ma'aikaciya ce a sakatariya, ita da mijinta sun gama ginin gidansu can bayan gari wajen duwatsu.

"Iya, an ce mini ke kika gaji Gwaggo Dije. Falo nake so ki haɗa mini, amma da tsofaffin kaya."

Ta nuna mini hotuna a waya. Na ga bango fari-fari kamar an yi shafe ɗaya an manta ba a ƙara ba, kujerun katako fenti duk ya koɗe, labulen leshi ya sha wanki, kwanuka masu ɓantararren baki an baje su a fili ko kunya babu. Na ce, "'Yar nan, waɗannan bayin Allah gobara suka yi?" Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce yayi ne, masu hali ma haka suke yi yanzu.

Da dariyar ta lafa sai ta gaya mini ainihin dalilinta. Kakarta, wadda suke kira Dada, ita ta raine ta a wani ƙauye a ƙasar Gwiwa tun tana ƙarama. Yanzu Dada ta tsufa, idonta ya yi rauni, shanun da suka rage 'yan uwa sun yi kudu da su, ba kowa a gidan sai ita da kajinta. An yi an yi ta dawo Kazaure ta ƙi. Da ƙyar ta yarda za ta zo ta gwada wata guda, in ba ta ji daɗi ba a mayar da ita.

"Cewa ta yi ita ba ta iya zama a gidan da ba ta san komai a cikinsa ba," in ji Nafisa. "Shi ya sa na roƙe ta ta ba ni kwabarta, aka kawo mini a a-kori-kura. Ina so in ta shigo ta tarar da abin da ta sani. In ta koma ƙauyen nan, Iya, ban san wanda zai riƙa duba ta ba. Saura mako uku ta zo."

Washegari na je na ga kwabar. Tana tsaye ita kaɗai a tsakiyar falo mai tayil, katako mai nauyi irin na da, ƙofa biyu, gilashi a sama. Fentinta shuɗi ne amma ya koɗe, a gefe-gefe wani tsohon kore yana leƙowa daga ƙarƙashinsa. Wajen mariƙin ƙofar dama kuwa ba fenti sam, katakon ya yi baƙi ya yi santsi har ya ɗan lotsa. Ƙasanta duk zane-zane. Ƙamshin man shanu da hayaƙi yana tashi a jikinta.

Nafisa ta shafa ta ta ce, "Wannan gogewa kawai za a yi mata, Iya. A bar ta haka."

Na ce to, irin to ɗin Gwaggo. A raina na ce, Allah sarki, yarinyar nan gini ya cinye ta, shi ya sa ta ɓullo da zancen yayi, ga kunya ta hana ta faɗa. Kwanuka dai a yi mata yadda take so, amma ni Tabawa ba zan bari a ce na yi aiki a gida an ga wannan kwabar a falo haka ba. Na ce mata zan kai ta a kashe ƙwarin katako. Na sa aka ɗora ta a keke zuwa rumfar Malam Sabo, kafinta kuma mai fenti da ke bakin layinmu, wanda tun yana saurayi yake haɗa mini kwabar amare. Na ce, "Malam Sabo, ka zuba mata ruwan ƙasa mai sheƙi, irin na kanti. Duk abin da ya lalace ka gyara. Kuma kada ka gaya wa kowa, ba-zata zan yi wa mai ita." Ya ce, "Hajiya, an gama."

Ni kuma na shiga sauran aikin, kuma gaskiya na ji daɗinsa, don hannuna ya daɗe bai yi ba. Na jawo adudun Gwaggo na wanke kwanukan nan tas. Na yi wa bango farar ƙasa da ɗan bula. Muka samo tsohon leshin auren wata yayar Nafisa na yanka labule, na ɗinka rigunan matashi da atamfar da ta sha rana. Na kafa fayafai uku da wata ƙwarya mai zane a bango. Amma duk kwanon da bakinsa ya ɓantare, in na ɗora shi a kan katako sai in juya tabon ya kalli bango. In na dawo da safe sai in tarar an juyo shi waje. Na yi ta zargin mai shara. Kwana uku muna wannan, ni in juya, a juyo, ban gane cewa Nafisa ce take bi da kanta tana juyo su ba. Da mai hankali ce ni, da tun a nan na ruga rumfar Malam Sabo.

Saura kwana goma Dada ta zo na ɗauki Nafisa na kai ta rumfar. Malam Sabo ya rufe kwabar da tsohon zanin gado, yana ta murmushi. Na ce, "'Yar nan, rufe idonki." Na yaye zanin da kaina. Kwaba ta fito tana walƙiya, ruwan ƙasa daga sama har ƙasa, ka rantse yau aka sauke ta daga Kano.

Nafisa ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ta matsa ta duba wajen mariƙin ƙofar dama, ta daɗe tana kallo, sannan ta zauna a kan bencin Malam Sabo.

"Iya," ta ce, "ina wurin hannunta?"

Na ce, "Wane hannu?"

"Inda take kamawa ta buɗe. Tun kafin a haife ni take kama wurin nan. Yanzu me zan nuna mata? Wannan ai irin ta kowa ce."

Kunya ta rufe ni kamar in nutse a ƙasa, don sai a lokacin na gane cewa da ta ce a bar ta haka, a bar ta hakan take nufi. Na ce, "Ki yafe mini, 'yar nan, laifina ne ni kaɗai. Ki ba ni kwanakin nan da suka rage." Ta share ido ta ce ba komai, ta tafi. Ni kuwa ban san abin da zan yi da kwanakin ba.

Tana fita Malam Sabo ya fara sosa ƙeya. Ya ce, "Hajiya, in na faɗi wata magana ba za ki kai ni gaban mai unguwa ba?"

Na ce, "Faɗi, yau ba ni da bakin kai kowa ƙara."

"Ban goge ta da sanfefa ba. Ko wankin kirki ban yi mata ba. Ranar ina saurin zuwa ɗaurin aure a Babura, na kaɗe ƙura kawai na zuba fenti. Kuma jikinta duk maiƙo ne, na san fentin nan bai kama sosai ba. Ina ta addu'a kada ki gane."

Ya sa farce a bayan kwabar ya ɗan ja, sai ga ruwan ƙasa ya ɗaye kamar ɓawon dafaffen dankali, shuɗi ya leƙo. Wallahi ban taɓa jin daɗin ha'incin ma'aikaci ba sai ranar. Na ce, "Malam Sabo, Allah Ya yi wa ragwancinka albarka." Ya ce shi dai tun da yake ba a taɓa yi masa irin wannan addu'ar ba.

Muka jawo kwabar ƙarƙashin darbejiyar ƙofar rumfa muka fara gwaji a bayanta, inda ba mai gani. Wuƙa ta yi zurfi, ta tafi da sabo da tsoho har katako. Tina, ruwan da masu fenti suke tsinka fenti da shi, ta narkar da duka biyun ta bar tabo. Sanfefa ma haka, ba ta san na jiya da na shekara arba'in ba. Abin da ya yi mana shi ne kananzir da rana da sakaina. A jiƙa tsumma da kananzir a ɗora a wuri kamar faɗin tafin hannu, a bari hantsi ya ɗan gasa shi, sabon fentin ya yi laushi. Sannan a ɗauki sakaina, fasasshiyar ƙwarya da aka goge bakinta a dutse, a kwantar da ita a tura a hankali. Sakaina ta fi sabon fenti ƙarfi amma ba ta kai tsohon ba, shi ya sa take ɗauke ɗaya ta bar ɗaya. Lunguna kuwa da tsinken tsintsiya na bi su. Na rufe kaskon awara, kullum daga hantsi zuwa azahar ina kan kujera 'yar tsugunno, masu wucewa suna tsayawa kallo. Wani mai babur ya ce, "Iya, jiya an yi fenti yau ana cirewa, ko aikin gwamnati ne?"

Kwana tara na yi a gaban kwabar nan, kuma duk abin da nake ci da shi yau a nan na koye shi. Da fentin yana tashi sai na ga tsufan ba barkatai yake ba. Saman kwabar da gefenta na sama shuɗin yana nan kusan lafiya, don ba mai taɓawa. Kusurwoyi sun cinye, inda zani yake gogawa in an wuce. Ƙofar dama ta fi ta hagu lalacewa nesa ba kusa ba, don ita ake fara buɗewa. Zane-zanen ƙasa duk gefe ɗaya suka nufa, ashe bakin tsintsiya ne na sharar kowace safiya. Akwai wata da'irar ƙuna a kan allon tsakiya, inda ake ajiye fitilar ƙwai. Ba tabo ɗaya da ba shi da dalili.

To shi ya sa in kun kawo mini sabon katako kuna so ya yi kama da tsoho, nake fara tambayarku a ina za a ajiye shi, kuma wa zai riƙa buɗe shi, bahago ne ko badama. Sai in yi shafen farko da kala mai duhu in bari ya bushe sarai. In goga kyandir a kusurwoyi da wajen mariƙi da ƙasa inda tsintsiya za ta taɓa, in kawo kala mai haske in ɗora, ba da cikakken burushi ba. In ya bushe in bi wuraren kyandir ɗin da sanfefa mai laushi, fentin sama ya tashi da kansa, na ƙasa ya leƙo. A ƙarshe in murza kakin zuma da tsumma. Farin leshi sabo kuma a ruwan ganyen shayi nake tsoma shi ya kashe hasken. Amma in abu tsohon gaske ne, ruwa da sabulu da tsumma kawai yake gani a hannuna, kuma ko ƙusa zan ƙara masa sai na tambayi mai shi sau biyu. Akwai wata Hajiya da ta kawo mini akwatin ƙarfen aurenta ta ce a bar shi haka, sai da na sa ta maimaita a gaban shaidu.

A rana ta tara da azahar na gama. Wurin hannun Dada ya fito, baƙi mai santsi, kamar ba a taɓa rufe shi ba. Na goge kwabar da tsumma, na kama mariƙin na buɗe ƙofar don in share ciki. Ta buɗe sumul, shiru. Na rufe na sake buɗewa. Sai na ji wani abu bai yi mini daidai ba, don ranar da aka ɗora ta a keke ƙofar nan ta yi wani kuka da sai da mai keken ya waiwaya.

Na ce, "Malam Sabo, me ka yi wa ƙofar nan?"

"Ai kin ce in gyara abin da ya lalace. Ƙarafan da suke riƙe da ita sun yi tsatsa, na sa sababbi."

"Ina tsofaffin?"

Ya dube ni ya riƙe haɓa. "Hajiya, har kukan ma mayarwa za mu yi?"

Na ce har shi. Ya zazzage gwangwanin tsofaffin ƙusoshinsa a ƙasa, muka tsuguna muna tonawa har muka samo su. Ya mayar yana gunaguni, wai in abokan sana'arsa suka ji ya cire sabo ya sa mai tsatsa za su kore shi daga ƙungiya. Da ya ɗaure na ja ƙofar, ta ce ƙiiii. Muka kai ta gidan, Nafisa ta gani ta rungume ni, na jera kwanukan Gwaggo a ciki, tabon kowanne yana kallon waje.

Dada ta iso washegari bayan la'asar. Doguwar tsohuwa ce siririya, da sanda, da ƙullin kayanta a hammata. Nafisa ta roƙe ni in tsaya, Malam Sabo kuma yana waje yana ƙarasa kafa ƙugiyar labulen baranda. Tun daga bakin ƙofa tsohuwar nan ta fara mita. Tayil sanyi, tayil santsi, so ake a karya ta. Aka nuna mata kujera ta ƙi, sai da aka shimfiɗa tabarma. Nafisa ta miƙa hannu za ta karɓi ƙullin ta kai ɗaki, Dada ta ƙanƙame abinta ta ɗora a cinya.

"Bar shi nan. Ban ce na zauna ba."

Na gaishe ta ta amsa sama-sama. Ta ɗaga kai ta bi falon da kallo, amma na lura idon ba ya kai wa bango. Farar ƙasata, labulena, fayafaina, shuɗin da na yi kwana tara ina tonowa, ba abin da ta gani a ciki. Ta ma ba kwabar baya. Na dubi Nafisa na ga ta yi tsuru-tsuru. Don ta rasa abin yi sai ta ce bari ta haɗa wa Dada shayi, ta tashi ta nufi kwabar ɗaukar kofi. Ta ja ƙofar dama.

Ƙiiii.

Dada ko juyawa ba ta yi ba ta daka tsawa. "Wa ke taɓa mini kwaba? Nafisa, ja'ira, sukarin ne ko?"

Sai kuma ta tuna inda take. Nafisa ta tsaya da kofi a hannu tana dariya hawaye yana zuba. Tsohuwar ta dogara sanda ta miƙe, ta bi inda kukan ya fito, ta miƙa hannu. Ba ta lalube ba, yatsunta suka sauka daidai kan baƙin wurin nan. Ta buɗe ta rufe, ta buɗe ta rufe. Sannan ta bi jikin katakon da tafin hannu tun daga sama har ƙasa, ta taɓe baki.

"Ke yanzu duk aikin gwamnatin da kike yi, kika kasa yi wa kwabar nan ko ɗan fenti? Haka kika ajiye ta a falo baƙi suna gani?"

Daga baranda muka ji guduma ta faɗi, Malam Sabo yana dariya har da tari. Ni kuwa na kama bakina da mayafi.

Dada ta zura hannu ciki ta shafa kwanukan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Wa ya yi wannan jeren?" Na ce ni ce, Dada. Ta ce, "Kin iya, amma langa ba a nan take zama ba. Riƙe mini." Ta fara sauke su tana miƙo mini, ni da shekara talatin a sana'a ina tsaye da kwanuka har haɓa, tana mayar da kowanne inda hannunta ya saba. Da ta gama ta rufe ƙofar, ta saurari kukan har ya ƙare, ta nuna tabarma da sanda.

"Ke Nafisa, ɗauke ƙullin can ki kai ɗaki, ya tare wa mutane hanya. Kuma gobe da sassafe a aika Gwiwa a kamo mini kajina, kafin maƙwabta su ce na bar musu."